Binuwai Daga Kan Dutse: A Tare Ruwan Ko A Auna Shi?

Da zarar damina ta yi nisa, wajen ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, akwai labarin da mai sauraron rediyo a Arewa ya riga ya haddace: Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo, mazauna bakin Kogin Binuwai su tattara su koma tudu. Daga nan sai a kakkaɓe muhawarar da aka jingine bara a ci gaba da ita. Wasu su ce laifin gwamnatocinmu ne da suka kasa gina dam ɗin Dasin Hausa da zai tare ruwan, wasu su ce a yashe kogin kowa ya huta. Can gefe guda kuma akwai 'yan tsiraru, galibinsu masana ruwa da tsofaffin ma'aikatan hukumomin raya koguna, da ke cewa kafin a kai ga siminti da rodi, a fara sanin yawan ruwan da ake magana a kansa da inda yake fitowa. Muryarsu ba ta cika kaiwa nesa ba, domin aikin da suke kira a yi ba shi da kwarjini: sanda ce a gindin gada, da mutum ɗaya riƙe da littafi.

Ni ina tare da waɗannan 'yan tsirarun. Amma ba zan ɓoye ba, hujjar masu cewa a gina tana da nauyi, a wani wurin ma takan bar ni ba amsa sai na nisa.

Binuwai yana tasowa ne daga tsaunukan Adamawa, arewa da Ngaundare a ƙasar Kamaru, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lokoja. Lagdo, wadda 'yan China suka gina tsakanin 1977 da 1982, tana can sama da Garwa, kuma ruwan ɓangare ɗaya kawai take tarewa. Ƙasa da ita Mayo Kebbi yake shigowa daga wajen Chadi. Dab da iyakar Najeriya sai Faro ya faɗo, shi ma daga tsaunukan Adamawa, ba wani bango a gabansa. A Numan Gongola ya kawo nasa daga gefen tsaunin Jos. Sannan ga manyan ukun nan na kudu: Taraba daga duwatsun Gashaka, inda Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419, Donga daga tsaunin Mambila, Katsina-Ala daga tsaunukan Bamenda. A kan waɗannan duwatsu ruwan sama yakan fara tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma duk abin da ya zuba gangarowa yake yi.

A watan Satumban 2024 hukumar NIHSA mai lura da kogunan Najeriya ta sanar cewa za a fara sakin ruwa daga Lagdo da kubik mita 100 a sakan ɗaya, a riƙa ƙarawa har ya kai 1,000. Kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato duro biyar, ke nan maganar duro dubu biyar ake yi a kowane sakan. Ruwa ne mai yawa, kuma manomin fadamar Fufore ko Demsa ko Numan, wanda shi ne farkon karɓarsa, yana da gaskiya in hankalinsa ya tashi. Sai dai Binuwai a Makurɗi, in ya cika ya batse, yakan haura kubik mita 10,000 a sakan. Sauran daga ina? A Oktoban 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce kason Lagdo a ambaliyar shekarar ƙanƙane ne, mafi yawan ruwan na sama ne da na kogunan cikin gida. Mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin kare kai. Abin da ya dame ni shi ne, tashoshin awon da aka fi ambato a sanarwar hukuma, irin su Wuro Bokki da Jimeta da Ibi da Makurɗi da Lokoja, duk a kan uwar kogin suke, inda ruwan ya riga ya gauraya. Wanda ke son ya ce kaza na Faro ne, kaza na Donga ne, sai ya hau sama ya auna kowane a gidansa.

Masu cewa a gina suna da hujjar da kowa zai fahimta: awo ba ya tare ruwa. In ka gaya wa mai gonar shinkafa a Gassol cewa jibi ruwa zai iso, ka ceci ransa da na iyalinsa, wataƙila har da awakinsa. Amma shinkafar da ta fara fitar da kai ba ta da ƙafa, ɗakin laka ba ya ɗaukuwa a ka, bashin takin da ya ciwo kuma yana nan yana jiransa a sansanin gudun hijira. Dam kuwa yana riƙe ruwan damina ya sake shi da rani, a yi noman rani, a kama kifi, a samu lantarki. Lagdo ɗin da muke kuka da ita, injinanta na megawat 72 su suka daɗe suna haskaka arewacin Kamaru. Suna cewa abin takaici ne ƙasa ta zuba ido ruwan Binuwai yana wucewa teku da damina yana cin gonaki a hanya, sannan da rani manomi ya sayi fetur yana jan ruwa daga rijiyar burtsatse a bakin wannan kogin. Wanda bai ji zafin wannan magana ba, bai taɓa ganin gonar da ruwa ya kwana uku a kanta ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko kaifi. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, kamar yadda hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙirga. Daga 2013 NIHSA ta fara fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Bayan shekara goma, a 2022, waɗanda suka mutu sun haura 600, ruwa ya sake datse hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, tankoki suka maƙale, man fetur ya yi wuya a babban birni. To, in ji su, ina amfanin gargaɗin? Kuma suna iya kai ka Jamus su nuna maka. A watan Yulin 2021 wani ɗan kogi mai suna Ahr, wanda ke gangarowa daga tuddan Eifel ya zuba cikin Rhine, ya yi toroƙo cikin dare. Ƙasa ce mai na'urori a kowane lungu, an kuma yi hasashen ruwa mai ƙarfi kwanaki kafin ya zo. Duk da haka fiye da mutum 130 suka mutu a wannan kwarin kaɗai, ita kanta tashar awon da ke garin Altenahr ruwan ya kashe ta tun bai gama hawa ba. In Jamus ta auna ta rasa mutane haka, me sandarmu za ta yi?

Amsata ita ce gargaɗi iri-iri ne. Takardar da aka fitar a Abuja kafin damina, wadda ta ce ƙaramar hukuma kaza na iya fuskantar ambaliya tsakanin Yuli da Satumba, tana da amfani ga gwamna da mai tsara kasafi. Ba ta da amfani ga magidanci, domin ba wanda zai bar gonarsa wata uku saboda "na iya". Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in abin da kunnen ya ji ya ambaci wuri da lokaci. Gargaɗin da ke tayar da mutum tsaye shi ne irin wannan: ruwa ya hau kamu huɗu a gadar sama tun la'asar, yana kuma ƙaruwa, zai iso muku kafin asuba. Irin wannan magana ba ta fitowa sai daga wanda ke kallon kogin a can sama. A kwarin Ahr ma, abin da aka fi kuka da shi daga baya shi ne umarnin kwashe mutane ya zo a makare, alhali alkaluman sun riga sun nuna haɗari.

Yana da kyau a faɗi yadda ake awon, domin da yawa daga masu muhawarar ba su taɓa tsayawa a kansa ba. Asalinsa sanda ce ta ƙarfe mai lambobi kamar tef ɗin tela, a manne da ƙafar gada ko a kafe hawa-hawa a gaɓa. Mai karantawa ya zo da safe ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta, ya dawo da yamma ya sake rubutawa. Wannan tsayin ruwa ke nan kawai, kuma tsayi daban, yawa daban. Mita biyu a mashigi mai ƙunci tsakanin duwatsu ba ɗaya ba ne da mita biyu a shimfiɗaɗɗen yashi. Kafin lambar da ke jikin sanda ta zama yawan ruwa, sai ma'aikata sun zo da kwalekwale ko sun tsaya a kan gada, su auna faɗin kogin, su auna zurfinsa wuri-wuri, su auna gudun ruwan da wata 'yar farfela da ake saukarwa ciki, ko da na'urar zamani da ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa tana aika sauti ƙasa. In babu ko ɗaya, sai a jefa abu mai yawo a saman ruwa a duba agogo. Sai an yi haka da rani, an yi da tsakiyar damina, an yi lokacin cikowa, sau da yawa, sannan a samu jadawalin da ke cewa in sanda ta nuna kaza, ruwa kaza ke wucewa. Wannan jadawali shi ne ran tashar. In babu shi, littafin mai karantawa tarin lambobi ne kawai.

Kogin dutse kuma ba ya barin jadawali ya tsufa lafiya. Kowace cikowa tana kawo yashi da tsakuwa, ta cike nan ta ƙwaƙule can, har mashigin da aka auna bara ya sake kama bana, dole a koma a sake awo. Ranar da aka fi buƙatar awon, wato ranar babbar cikowa, ita ce ranar da shiga ruwan ganganci ne, hanyar zuwa wurin ma wataƙila ta yanke. A ƙananan rafukan da ke tsalle kan duwatsu farfela ba ta aiki, sai masana su zuba gishirin da suka san nauyinsa a sama, su auna yadda ya tsarma a ƙasa, daga nan su gane yawan ruwan da ya haɗiye shi. Babbar wahalar ita ce sauri. Ruwan da aka saki a Lagdo yakan yi kwanaki kafin ya kai Makurɗi. Rafin da ke gangarowa daga Mambila kuwa yana iya hawa da tsakar dare ya cinye gada, kafin gari ya waye ya sauka. Mai karanta sanda ya zo da safe ya tarar da ruwa kusan inda ya bar shi jiya, sai dai ciyawa a rataye a reshen bishiya sama da kansa.

A nan ne su kansu masu cewa a auna suka rabu biyu. Na farko suna cewa zamanin littafi ya wuce. A rataye na'ura a ƙarƙashin gada tana duban fuskar ruwa, da farantin sola da batir da layin waya, tana aika lamba kowane minti goma sha biyar, dare da rana, ba barci ba zuwa biki. Suna da gaskiya a kan sauri, kuma a kogin dutse sauri shi ne kusan komai. Wasunsu ma sun wuce nan, suna cewa tauraron ɗan'adam ya isa. Amurka da Faransa sun harba wani mai suna SWOT a Disambar 2022 musamman don auna tsayin ruwan duniya, kamfanin Google kuma yana da shafin hasashen ambaliya da ya haɗa da Najeriya, yana hango har kwana bakwai gaba. Sai dai an ƙera SWOT ne don kogunan da faɗinsu ya kai wajen mita ɗari, kuma zagayensa na kwana 21 ne. Rafin da ke hawa ya sauka cikin dare ɗaya a ƙarƙashin inuwar kurmi ba ya cikin lissafinsa. Kwamfutar da ke hasashe kuma daga alkaluman tashoshin ƙasa take koyon halin koguna, kuma dole da su za a gwada ko ta faɗi daidai.

Na taɓa sauka gindin wata gada na tarar da irin wannan akwatin na ƙarfe a buɗe. An cire batir, farantin sola babu shi, zanzaro ya gina ɗaki a inda wayoyi suke. Ban san wanda ya kafa shi ba, mutanen da ke wanki a wurin su ma ba su sani ba, kuma wannan rashin sanin nasu shi ne ya kashe shi. Wannan ita ce hujjar ɓangare na biyu, masu cewa a dogara da mutum. Na'ura baƙuwa ce. In ta lalace sai an jira wani ya zo daga birni, in kwangilar da ta kawo ta ta ƙare ba mai sa mata kati, a cikin kwari kuma sau da yawa babu sabis. Mutanen bakin ruwa kuwa suna da iliminsu tun kaka da kakanni. Masunci da mai fito suna gane ruwan sama ya sauka a dutse daga launin kogin, daga kumfa da karmamin da ya fara kawowa, daga sanyinsa a ƙafa. Sarkin ruwa zai nuna maka gindin tsamiyar da ruwan shekara kaza ya taɓa, kuma masana na gaskiya suna neman irin wannan shaida su auna ta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Inda wannan ilimi yake da iyaka shi ne, idon da ke ƙasa ba ya ganin ruwa sai ya iso, kuma tsamiyar shaida ana iya sare ta, tsohon da ya san labarinta ya rasu. Shi ya sa abin da aka yi a Kogin Ratu ya burge ni. Kogi ne da ke gangarowa daga tuddan kudancin Nepal ya shiga jihar Bihar ta Indiya. Cibiyar ICIMOD da ke Katmandu ta taimaka aka kafa 'yar na'ura mai araha a bakinsa, wadda in ruwa ya kai wani ma'auni sai ƙararrawa ta kaɗa a gidan wani mutumin ƙauyen da aka damƙa wa amanarta. Shi zai duba ya tabbatar, sannan ya ɗauki waya ya kira jerin mutanen da ke ƙasa, har da na tsallaken iyaka. Na'urar ce ke gadin dare, mutumin kuma shi ke gadin na'urar, shi ne kuma muryar da mutane suka sani suka yarda da ita. Faro da Katsina-Ala su ma daga wata ƙasa suke shigo mana, kuma mutanen ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya, suna jin Fulatanci da Hausa. Kiran waya daga ƙauye zuwa ƙauye ba ya jiran wasiƙar ofishin jakadanci.

Yanzu in koma ga masu gini, domin akwai abin da ba su cika son a ambata ba: dam ɗin da suke so, da alkaluman awo ake zana shi. Tsawon bango, faɗin mafitar ruwa, girman injin, duk suna rataye ne a kan tambayoyi biyu, wato mene ne mafi girman ruwan da kogin nan zai iya kawowa, mene ne kuma mafi ƙanƙantarsa a shekarar fari. Ba a amsa su da awon shekara biyu. A 1922 jihohi bakwai na Amurka suka raba ruwan Kogin Kolorado, wanda ke saukowa daga tsaunukan Roki, bisa awon shekaru kusan ashirin da aka yi dace masu ruwa ne. Suka raba abin da kogin ba ya da shi a yawancin shekaru, kuma har yau rigimar ba ta mutu ba. Mu kuma fiye da shekara arba'in muna maganar tashar lantarkin Mambila a kan Donga, mai megawat 3,050 a takarda. Wutar da za ta bayar tana hannun ruwan da Donga ke ɗauke da shi wata-wata, musamman da rani. Ana iya ciwo bashi a sayi siminti a kowace shekara, amma daminar da ta wuce ba a auna ta ba, babu kasuwar da ake sayo ta. Binciken da injiniyoyin Holan na NEDECO suka wallafa a 1959 a kan Kwara da Binuwai, saboda jiragen da ke hawa har Garwa su ɗauko gyaɗa da auduga aka yi shi. A lokacin an ga riba a sanin zurfin kogi, shi ya sa aka kashe kuɗi aka auna.

Bayan an gama gini ma buƙatar ba ta ƙarewa, ƙaruwa take yi. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irinta da aka yi a 1994. Wani ɓangare na ruwan Ngadda daga tsaunukan Mandara yake, ta Yedzeram da dausayin Sambisa. Ba na cewa sandar awo za ta ɗinke bangon da ya gaji. Abin da nake cewa shi ne duk mai riƙe da makullin dam yana buƙatar ya san abin da ke tafe daga dutse tun da sauran kwanaki, don ya riƙa rage ruwa kaɗan-kaɗan tun tafkin bai kai wuya ba. In bai sani ba, zaɓi biyu suka rage masa, ya buɗe gaba ɗaya a kan mutanen ƙasa ko ya jira bango ya yanke masa hukunci. Kuma dam yana sa mutane su saki jiki su yi gini a inda kakanninsu ba su yarda su kwana ba.

Duk wannan maganar damina ce, alhali kogi yana da rani, yana kuma da lafiya da rashinta. Shekarun baya an yi wa madobiyar Taraba sara na fitar hankali, itacen nan da 'yan katako suka laƙaba wa suna Madrid ana lodinsa zuwa China. A kan Mambila ana haƙar duwatsu masu daraja a wajen Nguroje, ana noma a gangare, shanu sun yi yawa a wasu wuraren, itacen turare kuma ya mamaye bakin rafuka. Za ka ji dattawa suna cewa rafin kaza da ba ya ƙafewa yanzu yana yankewa da bazara, ruwan da yake fari ya koma ja. Manomi ya ɗora wa makiyayi, makiyayi ya ɗora wa mai dashen itace. Kwalbar ruwa ɗaya da za a riƙa ɗiba kowane mako a auna lakar da ke cikinta, tare da lambar sanda, za ta nuna ko gaskiya ne, da wane rafi ne, da shekarar da abin ya fara. Wannan laka ita ce ke cike tafkin dam tana rage masa ciki, ita ce kuma ke mayar da aikin yasa baya. An ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, don jirage, bayan shekara uku aka yi ambaliyar 2012. Wanda zai yashe Binuwai bai san yawan yashin da duwatsu ke aiko masa kowace damina ba, bai san sau nawa zai sake biyan kuɗin aikin ba.

Ba na adawa da dam. Na Kashimbila da ke kan Katsina-Ala a ƙaramar hukumar Takum yana da dalili bayyananne: Tafkin Nyos na Kamaru, wanda iskarsa mai guba ta kashe fiye da mutum 1,700 a 1986, yana bayan wani bango na halitta mai rauni, in ya fashe ta nan ruwan zai biyo. An gina, ga kuma megawat 40 a kai. Dasin Hausa ma, in an gina shi a Fufore, zai tare abin da ya fito daga Lagdo da Mayo Kebbi da Faro, mutanen Yola da Numan za su samu sauƙi na gaske, ko da yake tafkinsa zai ci fadamu da ƙauyukan wasu. Amma Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk ƙasa da shi suke shigowa. Wanda ya yi wa mutumin Makurɗi ko Lokoja alkawarin cewa wannan bango ɗaya zai raba shi da ambaliya, ya yi alkawarin da ba shi da alkaluman cika shi.

Hukumar yanayi ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla tashar awon kogi ɗaya a kowace murabba'in kilomita 1,000 a ƙasa mai tsaunuka, ɗaya a kowace 1,875 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Jihar Taraba ta haura murabba'in kilomita 54,000, ke nan ko da an ɗauke ta a matsayin fili, tashoshi kusan talatin take buƙata. Kuɗin kafa su duka bai kai ƙurar kuɗin dam ɗaya ba. Wahalar tana wajen riƙo: alawus ɗin mai kula da tasha ya fita kowane wata ba tare da ya bi sawu ba, a samu mota da mai da ma'aikatan da za su je su sabunta jadawali bayan kowace babbar cikowa, a sayi batir kafin tsohon ya mutu. Irin wannan kuɗi ne ke fara ɓacewa in kasafi ya matse, kuma shekara biyu na giɓi a littafin awo suna rage darajar shekara ashirin da aka rubuta.

Abin da zan roƙa shi ne a ɗauki mai kula da kowace tasha daga ƙauyen da take, da sanin mai gari da sarkin ruwa, a ba shi waya da jerin lambobin garuruwan da ke ƙasa da shi, a kuma ba shi izinin kira kai tsaye ba sai ya bi ta ofis ba. Lambar da ya karanta kada ta tsaya a kwamfutar hukuma. Gidajen rediyon Jalingo da Yola da Makurɗi su riƙa faɗinta kullum da damina, da Hausa da Fulatanci da Tibi da Jukunanci, yadda ake faɗin farashin hatsi, har mutane su saba su san cewa in an ce gadar Bali ta kai kaza, to fadamar kaza ba ta kwanuwa. Gadojin da za a manna wa sandunan suna nan tsaye a Bali da Donga da Katsina-Ala da kan hanyar Serti zuwa Gembu, ruwan farko kuma zai sauka a kan Mambila tun kafin a yi shuka a Yola.